Ƙibar Sadisu Tela

Lokacin da Sadisu ya zo Jikwoyi, in ya juya maka gefe sai ka neme shi ka rasa. Dogo ne siriri, mutumin wani ƙauye can bayan Zariya, yana yawo da keken ɗinki a kafaɗa, yana kaɗa almakashi layi-layi don masu yagaggen kaya su san ya iso. Ni kuwa daddawa nake sayarwa, da kuka da busasshiyar kuɓewa, a bakin hanyar da ta nufi Karshi. In rana ta take, rumfata yake zuwa ya sauke kekensa ya huta, don haka duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Mutum ne mara hayaniya. Matarsa ta rasu tun kafin ya zo, 'ya'yansa mata biyu suna gidajen aure a can gida. Faci ne sana'arsa, ba ya ɗinka sabo. Wandon ɗan acaɓa, rigar ɗan sanda, kayan makarantar yara, rigar fasto da ta yage a hammata, duk sun bi ta hannunsa. In ka kawo masa kaya da datti sai ya miƙa maka abinka, ya ce ka je ka wanke, allurarsa ba ta shiga ƙazanta. Girman kansa ɗaya ne a duniya: yana zura zare a allura yana kallon fuskarka kuna hira, bai taɓa kuskure ba.

Ɗaki yake haya a gidan Asibi, 'yar Gbagyi, mai sayar da doya da sakwara kusa da ni. Asibi ta iya Hausa sosai, sai dai a bakinta kowa mace ne, har mijinta Obadiah.

Wata damina Sadisu ya daina barci. Da farko cewa ya yi rediyo na ambaton sunansa. Daga nan sai ya ce akwai masu magana a cikin kalmasar tufafi. Ka kawo masa wando ya yi maka faci a gwiwa, sai ya farke maka bakin ƙafar gaba ɗaya yana neman mai maganar, ya dawo maka da shi zare na reto, ya ce ya duba, naka ba kowa. Mutane suka yi dariya kwana biyu, daga baya dariyar ta tsaya, don mutumin ya daina cin abinci, idanunsa sun faɗa. Aka kawo rubutu ya sha. Asibi ta kawo fastonsu ya yi addu'a. Obadiah ne ya gaji, ya sa shi a keke napep ya kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi ta wajen Nyanya.

Likitan saurayi ne mai fara'a. Ya rubuta ƙwayoyi, aka ƙirgo su a 'yar farar leda, aka zana masa alamar lokacin sha a jikin ledar, shi ke nan. Ba kwali, ba takardar nan ta ciki da masu karatu ke warewa. Aka ce ya riƙa dawowa duk wata yana karɓa.

Ni ba na danne wa kowa haƙƙinsa: maganin ya yi aiki. Sadisu ya yi barci, masu magana suka yi shiru, ya bi gida-gida ya karɓo duk kayan da ya farke ya mayar da kalmasarsu. Sai dai tare da hankalin, wata irin yunwa ta dawo masa, wadda ban taɓa ganin irinta ga babban mutum ba.

A layinmu kuwa, mara lafiya in ya fara ci, an gama magana, ya warke. Kuma matar da ta ciyar da shi har ya murmure, sunanta ake faɗa. Asibi ta ce ɗan hayarta ne, ita ke da shi. Lantana mai masa, Bakatsiniya da ke tsallaken titi, ta ce Musulmi ɗan'uwanta ba zai tashi daga ciwo a kan doya kaɗai ba. Da safe masa ce da suga har da zuma. Kafin ta sauka, ga malmalar sakwara. Da la'asar Lantana ta aiko da kunun gyaɗa, Asibi ta rama da lemon malt da madarar gwangwani a ciki, wai yana ƙara jini. Shi kuwa bawan Allah ba ya mayar da kwano da saura.

Kafin shekara ta zagayo, Sadisu ya buɗe wandunansa da hannunsa har ba sauran yadin buɗewa. Wuyansa ya haɗe da kafaɗa. Keken da yake yawo da shi ya gagare shi ɗauka, ya kafa shi a gefen rumfata ya zauna. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya: "Malam Sadisu, kai ne kuwa? Masha Allah, ka yi kyau, ka yi jiki." In Asibi ta yi baƙi daga Orozo, ba ta barinsu su tafi sai ta kawo su sun gan shi.

"Ku duba ta da kyau," in ji ta. "Da kamar sanda take. Yanzu ku ga kumatu."

Lantana daga tsallake ta ce, "Kumatun masa ne wannan, Maman Jennifer. Doya a ƙafa take sauka."

Sai ƙishirwa ta shigo. Ledojin ruwa suka taru a ƙarƙashin kekensa, kuma kafin ya gama facin riga ɗaya ya zagaya bayan gida sau ba adadi. Lantana ta ce jini ne ya ƙaru, shi ke neman ruwa. Aka tafi a haka wata shekarar da wani abu. Ranar da na san akwai magana ita ce ranar da ya yi ta soka zare gefen allura yana komawa, har ya waiga ya ga ba mai kallo, ya miƙo mini a hankali.

"Gwaggo, taimaka mini."

"Ni? Da waɗannan idanun da ba sa bambance gero da tsakuwa?"

"Hazo nake gani," ya ce. "Ya kwana biyu."

Bayan nan ya ɗinke wa wani direba aljihu ruf, ya haɗa wa wata yarinya hannun riga da gefenta. Wata ranar kasuwa da azahar jiri ya kwashe shi ya zube tsakanin buhunan kukata. Wannan karon asibitin gwamnati aka kai shi. Suka ɗiga jininsa a wani ɗan abu, suka kalli juna, suka ba shi gado. Ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Likitar da ta duba shi ta tambayi wane magani yake sha. Obadiah ya nuna mata ledar. Ta ce irin wannan maganin na ƙwaƙwalwa an san yana sa wasu ƙiba, yana kuma iya tayar da suga, shi ya sa ake auna nauyin mutum da jininsa kafin ya fara, a kuma ci gaba da aunawa. Ta tambaye shi sau nawa aka auna shi. Ya ce shi dai a duniya shi ke auna mutane, ba wanda ya taɓa auna shi.

Sugar ta sauka da magani, amma ta bar masa yanar ido, a duka biyun. Suka ce sai an yi aiki, aikin kuma ya fi ƙarfin mai faci da ba ya ganin allura. Babbar 'yarsa Yusra ta aiko cewa in kaka ta yi za ta zo ta ɗauke shi, ya zauna a gidan mijinta. Ban taɓa ganin Sadisu ya tsorata haka ba, ko lokacin masu magana a kalmasa.

"Gwaggo, zaman zaure a gidan suruki," ya ce. "A miƙo mini kwano in ce na gode. Gara in mutu a Jikwoyi."

Ranar ya ɗauko ledar ƙwayoyin zai watsa a kwata. Na buge masa hannu da ludayin awo. Likitar ta riga ta ja kunnensa a gaban Obadiah cewa kada ya kuskura ya daina kai tsaye, ciwon farko zai iya dawowa, likitan ƙwaƙwalwa ne zai sauya masa wani a hankali. Na ce masa in yana so ya koma farke wa mutane wando da makanta a kai, to ya bari in matsar da kayana tukuna.

Asibi tana da 'ya, Jennifer, lauya ce a cikin gari. Duk kayan makarantar da ta sa tun tana 'yar firamare akwai facin Sadisu a jiki. Ta zo ran Asabar da takalmanta masu tsini, ta zauna a kan buhun doya, ta sa ya ba ta labari tun daga farko.

"Baba Tela, an taɓa ce maka maganin nan yana iya kawo suga?"

"Ba a ce ba."

"An ce ka kula da abinci? An ce in ka ji ƙishirwa ta yi yawa ka dawo?"

"Cewa ake in dawo in leda ta ƙare."

Ta ce to akwai magana, kuma ba hanya ɗaya ba ce. Akwai hukumar da ke kula da likitoci, ana kai mata koke, ta bincika, in ta ga sakaci ta hukunta likita. Na ce hukuncin zai cire yanar ido? Ta ce a'a, Mama. Na ce to wuce. Ta ce akwai babbar kotu, a kai ƙarar sakaci a nemi diyya, amma sai an kawo wani likitan ya tsaya ya ce aikin ba haka ake yinsa ba, ana iya shekaru ana zarya, kuma ciwonsa na farko sai an baje shi a gaban jama'a. Obadiah ya ce me zai hana a kama kamfanin da ya yi maganin, su ne masu ƙarfi. Ta ce kamfani zai ce ya rubuta gargaɗi a takardar cikin kwali, kwalin ne bai iso hannun Baba Tela ba. Abin da ta fi so shi ne ta rubuta wa asibitin nan na Nyanya, in sun yarda a je zaman sulhu, a ɗaki, ba a bainar jama'a ba. In ya ƙi ci, kotu na nan, amma kada a yi ta jan ƙafa, don irin wannan ƙarar tana da lokacin da in ya wuce ba a karɓa.

Sadisu ya sunkuyar da kai. "Mutumin da ya dawo mini da hankalina, shi zan kai ƙara?"

Na ce, "Tunda ya dawo maka da shi, sai ka yi aiki da shi."

Asibitin suka amsa ta bakin lauyansu cewa maganinsu ba ruwansa, mutumin cinsa ne ya yi yawa, amma sun yarda a zauna. Jennifer ta ce tana son waɗanda suka ga yadda abin ya faro su zo. Ta tara mu, ni da Asibi da Lantana, a rumfata ta yi mana karatu kamar 'yan aji ɗaya. Ku faɗi lokacin da ya fara ƙishirwa, da lokacin da ido ya fara. Kada wadda ta ɗauko zancen abinci. In an tambaya, ku amsa gajere.

"Mama, kin ji ko?"

"Na ji," in ji Asibi. "Ni na haife ki, ke za ki koya mini magana?"

Muka shiga gari da safe, kowacce ta ci ado kamar za mu ɗaurin aure. Ɗakin sanyi ƙalau, dogon tebur, mai sulhu wani dattijo mai furfura a tsakiya. Can gefe ga likitan, ya ɗan rame, ga lauyansu, wani Barista Simon, mai murya kamar yana lallashin jariri. Likitan ya gaida Sadisu da hannu biyu. Sadisu ya amsa yana kallon bango, don a nan ya zaci mutumin yake.

Jennifer ta yi bayaninta tsaf. Sai Barista Simon ya juyo wajenmu yana murmushi.

"Iyayena, sannunku da ɗawainiya. An ce da oga tela ba shi da jiki ko kaɗan. Cikinku wace ce mai albarkar hannun da ta tayar da shi haka?"

Na taka ƙafar Asibi a ƙarƙashin tebur. Ta yi shiru, har na fara gode wa Allah. Ashe ta ɗaya gefen ɓarnar za ta fito.

"Ai ba a yabon kai," in ji Lantana tana gyara mayafi, "amma masa goma sha yake tashi da ita kowace safiya. Da zuma."

Asibi ta janye ƙafarta daga ƙarƙashin tawa.

"Masa iska ce, oga lauya. Rubuta sakwara. Safe da yamma. Ran Lahadi da kan akuya."

"Kunun gyaɗa fa? Wa ke aiko shi?"

"Malt da madara fa? Katan nawa ta sha a hannuna?"

Barista Simon yana ta rubutu, har biro na neman ƙonewa. Jennifer ta dafe goshi da hannu biyu. Ta ce "Mama" a hankali, uwar ko waige. Mai sulhu ya cire tabarau yana goge ido, ban sani ba ko dariya ce ko tausayi. Sadisu ya nutse a kujera. Ni kaina na fara tunanin wace mota ce ke zuwa Zariya kai tsaye.

Lantana ta ce duk Jikwoyi an san hannun wa ya tayar da shi. Nan Asibi ta miƙe tsaye, ta nuna likitan da yatsa.

"To ga mai raba mu. Dokta, ki faɗi gaskiya tsakaninki da Allah. Ranar da na rako ta karɓar magani, ba ki kama kumatunta ba? Ba ki ce, Madam, kin iya kiwo, kullum oga tela ta zo sai ta fi jiya? Kin faɗa ko ba ki faɗa ba?"

Biron Barista Simon ya tsaya. Ya ɗan taɓa hannun likitan, amma likitan bai kalle shi ba.

"Na faɗa," ya ce.

"Kin ji ko," in ji Asibi ga Lantana, ta zauna tana huci.

Jennifer ta sauke hannu daga goshi. Ta yi magana a hankali, kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi.

"Dokta, ke nan kana ganin yana ƙaruwa duk zuwa."

"Ina gani."

"A ranar ka ɗora shi a sikeli? Ko ka ce a duba jininsa?"

"Ban yi ba."

"Ka gaya wa matar nan ta rage?"

Da ya buɗe baki, ba ita ya kalla ba, Sadisu ya kalla. Ya ce ranar da aka fara kawo shi, ƙashi ne da fata, yana rawar jiki yana toshe kunne. Da ya ga ya cika ya yi kumatu, daɗi ya ji, irin daɗin da kowa ke ji. Ya ce shi ma in ya je gida, uwarsa cikinsa take fara dubawa kafin ta amsa gaisuwar matarsa. Abin da aka koya masa a makaranta yana kansa, amma idonsa na gida ne ya riga.

Mai sulhu ya ce mu mata mu ɗan fita. A baranda Asibi ta tambaye ni ko ta yi daidai. Na ce ta yi, amma kada ta sake.

Ba a ba Sadisu duk abin da Jennifer ta nema ba. Barista Simon bai yi rubutun nan a banza ba: ya tsaya a kan masa da sakwara, ya ce ba za a ɗora wa asibiti kan akuya ba, diyyar zaman da Sadisu ya yi ba aiki kuma ba ta taso ba. Amma asibitin suka ɗauki nauyin aikin ido biyun da awon sugarsa, aka rubuta aka sa hannu. Jennifer ta ce a kotu wataƙila a samu fiye da haka, wataƙila kuma a tashi ba komai, shi zai zaɓa. Ya ce shi ido ya zo nema.

Aka yi na dama, ya washe tas. Na hagu bai kai shi ba, sun ce sugar ta taɓa can ciki, sai dai a riƙa lura da shi. Likitan ƙwaƙwalwa na asibitin gwamnati ya sauya masa magani a hankali, masu magana ba su dawo ba. Aka hana shi zuma da malt, aka rage masa malmala, aka ce ya yi tafiya. Ya fara saɓa keken da safe yana zaga layi biyu uku, in rana ta yi ya dawo rumfata. Da ƙibar ta fara zubewa, matan layi suka shiga yi masa sannu da murya ƙasa-ƙasa kamar an yi masa rasuwa. Lantana ta yi kwanaki ba ta gaishe ni ba, wai da bakina aka ramar mata da mutum.

Da kaka ta yi, Yusra ta iso da jakar da za ta kwashe masa kaya. Ba wanda ya gaya mata komai, don shi ya hana. Ta sauka daga mota a tsallaken titi tana waige-waige, tana neman makaho a zaune. Shi kuwa yana kan keke yana yi wa wani ɗan acaɓa facin kujera. Ya ɗaga kai ya kalle ta har ta ƙetaro ta durƙusa.

"Baba, ina wuni? Ya jiki?"

"Lafiya lau. Miƙo mayafin nan."

"Na'am?"

"Ya tsage ta gefen hagu, tun daga can na hango. Haka kika ratso Kaduna da shi?"

Ta duba, ga tsagar kuwa, ba ta kai tsawon yatsa ba. Ta cire ta ba shi, ta yafa ɗankwali, ta zauna a kan bencina tana kallonsa. Da ya gama ya kaɗe zaren ya miƙa mata, ya ce ta kwana biyu ta huta, jakar kuma kada ta koma da ita haka, Asibi za ta cika mata da doya.